Farin Kyankyason Ƙarƙashin Turmi

Turmi muka je ɗaukowa.

Ranar Alhamis ce, gab da magariba. Mijina Abdulghaffar ya dawo daga Madinar Masana'antu inda yake gyaran injinan sanyi, ko takalmi bai cire ba ya ce in shirya mu leƙa unguwar Ammariyya a nan Jidda. Mai gidan da kakarsa Nana Aisha ta zauna a ciki har ta rasu ya aiko a kwashe abin da ya rage, zai garƙame gidan. An riga an raba kayanta tun bayan sadakar arba'in, turmi kaɗai aka bari, ni kuwa na daɗe ina mitar yajin da inji ke niƙa mini ba ya ɗanɗano. Na ce masa lokacin bai yi ba, a bari sai da safe. Ya ce da safe yana da aiki. Na goya 'yarmu Sajida, wadda a lokacin ta shiga shekara ta uku, muka fita.

Kafin mu isa, bari in gaya muku irin mijin da Allah ya ba ni. Wasu mazan tattabaru suke kiwo, wasu kifi a cikin gilashi. Nawa mijin kyankyasai yake kiwo.

Idan na faɗi haka a gabansa sai ya ɓata rai, ya ce nasa ba na masai ba ne. Akwai 'yan Madagaska, kowanne ya kai tsawon yatsa, waɗanda ke huci idan an taɓa su. Akwai masu zane a ƙeya kamar ƙoƙon kai. Akwai wasu ƙanana koraye shar, waɗanda ya yi wata da watanni yana jiran a kawo masa su. Ɗakin da ya kamata ya zama na baƙi a gidanmu na Waziriyya shi ya mayar garkensu: manyan robobi jere, cikinsu kwalayen ƙwai, da karas, da ɓawon lemo, da abincin kifi. Idan mace za ta haihu sai ya ja kujera ya zauna kusa da ita kamar ungozoma. Dangina da suka zo umara daga Sudan ce musu na yi ɗakin sito ne, makullin ya ɓata.

Ni kuwa ko hoton kyankyaso na gani sai tsigar jikina ta tashi. Sharaɗinmu tun farkon aure shi ne ƙofar ɗakin a rufe, kuma bakin kowace roba a shafe shi da basilin yadda ko ɗaya ba zai iya haurowa ba. Bai taɓa saɓa wannan ba. Mutumin kirki ne, ba ya shan taba, ba ya yawon banza, abinsa ke nan. Sai dai duk inda za shi, ko masallaci ne, akwai 'yar roba mai huje-huje a aljihunsa, wai ko Allah zai haɗa shi da wani iri.

Mun shiga lungun gidan Kaka ana kiran salla. Warin tsohon ruwa da na soyayyen kifi ya cika lungun, mukayyif ɗin maƙwabta, wato na'urorin sanyaya ɗaki, suna ɗiga a kan mutane. Ya murɗa makulli, ƙofar ta ƙi, sai da ya sa kafaɗa.

Babu wuta a gidan, an yanke. Ya kunna fitilar waya.

Turmin yana inda yake tun ranar da aka kawo ni gaisuwa ina amarya, a kife, a ƙarƙashin matakalar bene. A nan Kaka take daka, a nan take kife shi, ba ta taɓa matsar da shi ko taku ɗaya ba. Ba ta daka bayan la'asar. Kuma duk lokacin da za ta sunkuya wurin sai ta ce, "Dastur, masu gida." Neman izini ke nan. Na taɓa yi mata dariya, ta dube ni ta ce ita 'yar haya ce a wurin mutum biyu, da mai takardar gida, da waɗanda ta tarar a ciki.

Na buɗe baki in faɗi kalmar, sai na ji kunyar Abdulghaffar zai tsokane ni. Shi kuwa bai ma tuna ba. Ya miƙo mini wayar, ya rungumi turmin ya ɗaga.

Wani wari ya taso, mai sanyi, kamar an buɗe tsohuwar randa.

"Ya Allah," in ji shi a hankali. "Sadiyya, shufi, duba ki gani. Haska nan."

A tsakiyar zagayen da turmin ya bari a ƙasa akwai kyankyaso ɗaya. Fari fat, kamar an sassaƙa shi da sabulu. Bai gudu ba. Ya ɗaga dogayen gashin nan biyu na gaban kansa, waɗanda suke laluben hanya da su, ya juyo da su wajenmu.

Da wani ne da ya take shi, ko ya yi baya. Nawa mijin durƙusawa ya yi.

"Abu Sajida, ka bar shi mu tafi."

"Saɓa ya yi, shi ya sa ya yi fari. Duk haka suke idan sun tuɓe tsohuwar fata, zuwa gobe ya koma launinsa. Amma wallah ban taɓa ganin wannan ƙirar ba. Mace ce ma, ƙarama."

"Na ce ka bar ta. Magariba ce."

"Khalas, ai na gama."

Ya fito da robar aljihu, ya sa yatsa ya tura ta ciki, ya rufe. A daidai lokacin Sajida, wadda ke barci a bayana, ta zabura kamar an tsunkule ta. Ba ta yi kuka ba. Ta ja dogon numfashi, ta sake kwantar da kai.

Da muka fito na lura ɗigar mukayyif ta tsaya, ko kuma ni ce na daina jin ta. Ya sa turmin a bayan mota, ya yi ta surutu har Waziriyya. 

Kullum da almuru, idan na wuce ta ƙofar ɗakinsa, ina jin su: ƙarar ƙafafu a kan kwali kamar yayyafi, da hucin 'yan Madagaska idan maza suna faɗa. Na tsani wannan ƙarar, amma na saba da ita. Tun da ya shiga da farar, ɗakin ya yi tsit. Shi da kansa ya ce duk sun taru a kusurwa ɗaya ta robobinsu, sun daina cin abinci. Ya ce canjin yanayi ne, ya ƙara musu ruwa.

A ƙa'idar masu wannan kiwo, sabon kamu ba a haɗa shi da sauran. Ya ware mata robarta daban, ya shafe bakin da basilin mai kauri, ya rufa mata baƙin ƙyalle.

Gari ya waye farar ba ta yi duhu ba. Aka sake kwana, tana nan fara. Murna a wurin Abdulghaffar kamar an ba shi kujerar Makka, shi da aka haifa a bakin ƙofarta. Yana cin abinci waya na hannu, yana ta magana da 'yan ƙungiyarsu ta masu kiwo. Wani Thamer, wanda shi ne babbansu, ya ce ba zai yarda ba sai ya ga hoto mai kyau, wanda ya nuna ƙafafu da ciki.

Ni hankalina ba a can yake ba. Sajida ce ta canza.

Yarinya ce mai surutu, mai hawa kan komai. Gadonta mai katanga ne, kuma ta daɗe da gano yadda ake haurowa, har na gaji da tsawa. Da safen Juma'a na same ta tsaye a ciki tana kama sandar gadon, hannunta yana sulɓewa. Ta kama, ya sulɓe. Ta kama, ya sulɓe. Na shafa sandar, a bushe take ƙayau.

Na ɗaga labule don haske ya shigo, ta ƙwalla ƙara ta cusa kai ƙarƙashin filo. Daga ranar, duk inda na ajiye ta sai ta rarrafa ta shige ƙarƙashin kujera ta lafe. Madara ta ƙi, shinkafa ta ƙi. Surutun nan duk ya ɗauke, ko "Mama" ba ta cewa.

Mun kai ta asibitin unguwa. Likita ya duba ido, ya duba maƙogwaro, ya ce babu zazzaɓi, babu komai, ya ba mu maganin ƙarin cin abinci a kwalba. Amma ni uwa ce, ni nake goyon ta. Kullum na ɗaga ta sai in ji ta fi jiya rashin nauyi, alhali idan ka dube ta ba ta rame ba. Na gaya wa babanta, ya ɗauke ta ya jijjiga, ya ce, "Ma fi shai, ba komai, habibti, haƙori ne." Ya sumbace ta a goshi, kuma na san har zuciyarsa haka ya ɗauka.

Ranar Talata yana aikin yamma. Tun azahar ya shige ɗakinsa da fitila da hantsaki, sai ga waya daga wurin aiki, wani babban inji ya tsaya. Ya fita a guje yana saka riga a matakala.

Bayan la'asar na je tayar da Sajida.

Zafin Jidda kun san shi, ranar har bango zafi yake yi. Na taɓa kumatunta, na janye hannu. Sanyi ƙalau, kamar tulun da ya kwana a waje. Leɓenta ya yi fari. Idanunta a buɗe, amma ba su bi na. Na ɗaga hannunta na saki, ya sauka a hankali, a hankali.

Na kashe mukayyif, na lulluɓe ta da bargo, na rungume ta a ƙirjina ina kiran sunanta. Sanyin ya ratsa rigata. Can na tuna da maganin likita, na ruga kicin da ita a kafaɗa, na buɗe firji.

A saman kwanon miya, kusa da kwalbar maganin, ga 'yar robar aljihu.

Farar tana ciki, ta kwanta a gefe ɗaya, ƙafafunta a naɗe.

Na san wannan dabarar, ya taɓa gaya mini. Idan za su ɗauki hoto sai su sa ƙwaron a firji na ɗan lokaci, sanyi ya kashe masa jiki, ya daina motsi. Na ɗan lokaci, ba yini ba.

Ban san lokacin da na fizgo robar ba, ni da ko ƙofar ɗakinsu ba na taɓawa. Na matse ta tsakanin tafukana. Na tsaya a tsakiyar kicin.

Ƙafa ɗaya ta farar ta motsa.

A kafaɗata, yatsun Sajida suka motsa.

Hasken taga ya faɗa kan robar, farar ta yi ƙoƙarin juya kai. Sajida ta cusa fuska cikin wuyana.

Na zauna a ƙasa.

Na kira shi, ƙarar injina ta cika wayar.

"Abu Sajida, me ka sa a firji?"

"Ya Allah, na manta! Hoton bai fito ba, na mayar da ita, sai mudir, shugabanmu, ya kira. Ki fitar da ita don Allah, kar ta mutu."

"Idan ta mutu 'yarka ta mutu."

"Esh? Me kike cewa?"

"'Yar mutane ka ɗauko. Su ma sun ɗauki taka."

 Sannan ya ce in jira shi, yanzu zai nemi izini, mu je wurin malami tare. Na dubi taga, rana ta yi ja. Daga inda yake zuwa gida a cunkoson yamma, sai bayan isha. Na dubi farar, ta sake kwantawa.

Makullin gidan Kaka yana rataye a bayan ƙofa, bai mayar wa mai gida ba tukuna. Na goya Sajida, na zura abaya a kai, na sa robar cikin rigata a jikin fata don ta ji ɗumi. Ina jin ƙafafunta suna karce robar a kan ƙirjina. 

Direban tasi bai yi magana ba sai da muka kusa. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Hajiya, yarinyar lafiya?" Na ce barci take yi. Ya rage ƙarar rediyo.

Na sauka a bakin lungu ana tayar da sallar magariba. Maza duk sun shige masallaci, shaguna a rufe. Ba kowa sai wata mage a kan juji, ita ma da ta gan ni ta bar wurin.

Goyon da ke bayana ba shi da nauyi ko kaɗan. Sai da na kai hannu baya na taɓa ƙafarta kafin na yarda tana nan. Ƙafar ta yi sakayau, kamar ɓawon gyaɗa.

Na sa makulli. Wannan karon ƙofar ba ta yi gardama ba.

Duhu. Warin tsohuwar randa ya cika gidan duka.

Na yi bismillah, na karanta abin da ya zo bakina. Na ce, "Dastur, masu gida."

Shiru.

Sannan na ji ƙarar nan ta yayyafi a kan kwali. Daga bango take fitowa, daga rufi, daga ƙarƙashin ƙafata. Ban haska bangon ba. Na haska ƙasa kawai, na bi hanyar matakala.

"Mama."

Muryar Sajida ce. Muryar da na yi kwanaki ban ji ba.

Ba daga bayana ta fito ba. Daga ƙarƙashin matakala ta fito.

Na so in ruga ciki, ƙafafuna suka ƙi. Hasken wayar ya kai bakin zagayen da turmi ya bari, daga nan bai wuce ba. Duhun wurin kamar bango ne.

Wani abu ya ja numfashi a ciki. Dogo, mai huci.

"Kin kawo ta?"

Raɗa ce, muryar mace, ba tsohuwa ba, ba yarinya ba.

"Na kawo ta."

"Ajiye."

Na durƙusa. Na ciro robar daga rigata, na buɗe murfin, na ajiye ta a bakin zagayen. Na ja baya.

Farar ta miƙe da ƙyar. Ta nufi gefen robar, ta kama, ta sulɓe. Ta sake kamawa, ta sulɓe ta faɗi a bayanta. Har wannan 'yar robar ya shafe bakinta da basilin.

Ƙarar bangon ta ƙaru.

Na kai hannu zan kifar da robar.

"Kar ki zubar mini da 'ya kamar shara."

Hannuna ya tsaya a iska.

"Taki a hannu muka riƙe ta."

Na gane abin da take nufi. Wallahi da cewa ta yi in sa hannu a wuta da ya fi mini sauƙi.

"Mama," in ji duhun. "Sanyi."

Na ajiye wayar a ƙasa. Na zura hannun dama cikin robar.

Ƙafafun suka kama yatsana. Ƙaya-ƙaya ne, masu sanyi. Ta hau tafina ta tsaya.  Na rufa mata ɗaya hannun, na kai bakina, na hura mata ɗumi kamar yadda nake hura wa Sajida hannu idan ta ƙone.

Ta motsa a cikin hannuna.

Na miƙa hannuwan biyu cikin duhun, har wuyan hannu, har gwiwa. Ban ga hannuna ba.

Wasu yatsu suka taɓa nawa. Dogaye, busassu, sun fi biyar.

Suka ɗauke ta a hankali, yadda ake karɓar jariri.

Ƙarar bangon ta tsaya cak.

Na jira. Ina jin ana laluben wani abu a ciki, ana juya shi, ana dubawa.

"Da gashi biyu ta bar gida."



"Ɗaya ta dawo da shi."

"Wallahi ban sani ba," na ce. "Wallahi ban gani ba. Ki yi haƙuri. Ke ma uwa ce."

Liman ya yi sallama a masallacin lungu, na ji ta sama-sama kamar daga wani gari.

Hucin ya matso har na ji shi a goshina.

"To," in ji ta.

Nauyi ya faɗo mini a baya gaba ɗaya, har goshina ya bugi ƙasa. Nauyi mai zafi, mai gumi. Sajida ta tsala ihu a ƙeyata, ta damƙi wuyana da hannu biyu.

Bangon ya zubo.

Ban ga komai ba, na dai ji su a ƙafafuna, a kan abayata, suna gangarowa kamar an kwance buhun gero. Na bar wayar, na bar takalmi. Na rarrafa, na miƙe, na bugi bango, na laluba. Ƙofar tana rufuwa da kanta, saura tsaga ɗaya ta hasken titi.

Na sa kafaɗa na faɗa waje.

Ƙofar ta buga a bayana.

Mutanen da ke fitowa daga masallaci suka same ni zaune a tsakiyar lungu ba takalmi, goshina yana jini, na rungume yarinya tana ta kuka tana cewa ruwa za ta sha. Wani dattijo ya kawo ruwa daga shagonsa. Ta shanye, ta ce a ƙara. Na duba abayata sama da ƙasa, ko ƙwaro ɗaya babu.

Da Abdulghaffar ya iso ban yi masa faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Tambaya ɗaya na yi masa, ina ɗaya gashin. Ya sunkuyar da kai ya ce wajen gyara mata tsayuwa don hoto ne, sanyi ya sa ya yi tauri, ya karye a bakin hantsaki. Ya ce bai ɗauke shi komai ba, irin wannan yakan sake tsirowa a saɓa ta gaba. Ya ɗauki Sajida ya ƙanƙame ta, ya yi kukan da ban taɓa ganin ya yi ba.

Kafin mako ya zagayo ɗakin baƙi ya zama ɗakin baƙi. Thamer ya zo da mota ya kwashe robobin, ban tambayi inda ya kai su ba. Turmin kuma Abdulghaffar ya mayar da shi da rana tsaka, shi da limamin unguwa, ya kife shi inda ya same shi. Ban ƙara sha'awar dakakken yaji ba.

Sajida ta warke. Ta koma ci, ta koma surutu, ta koma haurowa daga gado har sai da muka cire katangar. Sai da aka yi watanni kafin na lura idan na kira ta daga hagu ba ta juyowa. Likitan kunne ya yi gwaje-gwajensa, ya ce kunnen hagu lafiyarsa ƙalau a ido, amma ba ya jin komai, kuma bai san dalili ba. Babanta har yau yana cewa zai dawo. Kullum idan ya shigo daga aiki sai ya zagaya ta hagunta ya kira sunanta a hankali, ya tsaya yana jira. Ni nakan shige kicin, don ba na iya kallo.

Yanzu ta shiga makaranta. Yarinya ce mai fara'a, malamanta suna son ta, ta iya zama a gefen aji da zai sa kunnen damanta ya fuskanci allo. Na gode wa Allah, kuma ba na ƙorafi, don na san abin da na shiga da shi gidan nan da abin da na fito da shi.

Sai dai wani lokaci da magariba, ina taje mata kai ko tana cin abinci, sai ta tsaya cak. Ta karkatar da kai wajen hagu. Ta yi murmushi.

Jiya na yi ƙarfin hali na ce, "Sajida, me kike ji?"

Ta ɗora yatsa a bakina.

"Mama, ki yi shiru," ta ce. "Ba ta gama magana ba."